Kafin ka sayi Sienna, auna garejinka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk mai shirin sayen babbar motar iyali irin Toyota Sienna, don Allah ya fara auna garejinsa da faɗin get. Ƙirar 2004 zuwa sama, tsawonta ya ɗan haura mita 5. Ni da na kawo tawa, sai da muka fasa dakalin tsakar gida kafin get ya rufu, ga lungunmu matsattse, kullum da ribas nake fita har bakin titi.

Wajen ɗaukar mutane kam ba a magana, tana cin mutum 7 ko 8. Ƙofofin gefe zuge su ake yi, yara ba sa kwarzane motar maƙwabci. Ƙirar 2004 zuwa sama, kujerun ƙarshe na naɗewa su shige ƙasa, sai ka loda buhunan masara son ranka.

Amma fa cikinta a ƙasa yake. Idan ta cika maƙil, hanyar ƙauye da damina za ka ji tana gurzar ƙasa, gabanka na faɗuwa. Yawancin ƙirar kafin 2021 injinta silinda 6 ne, zirga-zirgar cikin gari tana zuƙar mai sosai.

Ran gwaji ka tafi da iyali, kowa ya zauna a mazauninsa.