Darasi na 7: Kalmomin Turanci da Suka Shafi Waƙa

Iyayena da yayyena, ku buɗe littafin rubutu, ku ja layi a tsakiyar shafi daga sama har ƙasa. Turanci a hagu, Hausa a dama.

Kalma ta farko ita ce song. Harufa huɗu ne: s, o, n, g. Ma'anarta waƙa, ita kanta abar da ake rerawa. Ta biyu sing: s, i, n, g. Ma'anarta rera waƙa, wato aikin da baki yake yi. Ku ɗora yatsa a kan harafi na biyu na kowacce. Ɗaya zagayayye ne kamar bakin tulu, ɗayan a tsaye yake da ɗigo a kansa. Bambancin ke nan duka. Mai bakin tulu waƙa ce, mai ɗigo rerawa ne.

A nan kusan kowa yake tuntuɓe, don haka kada ku ji kunya. Akwai wani dattijo mai sayar da goro da ya zo gaban allo sau uku yana rubuta "I song", yana goge alli da hannun riga, sai a karo na huɗu ya dace. In ka ce haka kamar ka ce "ni waƙa" ne. Daidai shi ne "I sing a song", ina rera waƙa. Ku sake dubawa: sing ta fara zuwa domin ita ce aikin, song ta biyo baya domin ita ake rerawa. Ku rubuta jimlar sau biyar, kuna furta ta. Kada ku ƙara mata wasali a ƙarshe, ba singi ba ce, ba songu ba ce.

Mu a Hausa cewa muke na rera, ina rerawa, zan rera. Su kuwa Turawa cikin kalmar suke taɓawa. In jiya aka yi, sai ta koma sang, da harafin a. "I sang", na rera. Mawaƙi ko mawaƙiya kuma singer, daga sing mai ɗigo ta fito, ba daga mai bakin tulu ba.

Na san wasunku sun tsallake rubutun nan sau biyar, sun yi gaba. Haba jama'a! Makon jiya haka aka yi, aka dawo babu abin da ya zauna. Ku koma ku rubuta. Song waƙa, sing rerawa.

Sauran ba su da wuya. Amshi chorus ne, ana karanta shi koras. Baiti verse. Ƙungiyar masu rera waƙa tare choir ce, karatunta kwaya, da k maras lanƙwasa. Taken ƙasa national anthem, kamar wanda Najeriya ta koma wa a 2024, na lokacin samun 'yancin kai a 1960. Rubutacciyar waƙa da ake karantawa poem suke ce mata, mu kuwa duka waƙa ce a wajenmu.

Lullaby waƙar reno. Voice murya. Drum ganga.

Aikin gida: ku rubuta jimla ɗaya da sing, ɗaya da song, ku kawo ranar Talata.