Yadda ake haɗa jinsin kifin ado ba tare da an cutar da kifin ko mai saye ba

Masu kiwon kifi a Katsina da Daura sun daɗe da sanin cewa ana iya haɗa jinsi biyu a sami na uku. A wuraren ƙyanƙyasa ana yi wa macen tarwada allurar da ke nunar da ƙwai, a matse ƙwan a cikin roba, a zuba masa maniyyin ramboshi, a gauraya da gashin kaza, kuma 'ya'yan da ke fitowa sukan ɗauko juriyar tarwada da girman jikin ramboshi. Yanzu wannan tunani ya shigo har cikin falo, wurin masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi. Wanda ya saba zama yana kallon jan kifi da shuɗi suna zagaya juna, ba ya daɗewa sai ya fara tunanin irin launin da za su haifa, kuma ni ban ga aibun wannan sha'awa ba. Sai dai aikin yana da tsari, kuma tun daga ranar da aka sa kifaye biyu a ruwa ɗaya, haƙƙin duk abin da suka haifa ya rataya a wuyan wanda ya haɗa su.

Da farko a rarrabe tsakanin ayyuka biyu da ake yawan cakuɗawa. Kifin zinariya da mutanen Sin suka fara kiwo fiye da shekara dubu da suka wuce yana da siffofi da yawa, akwai mai wutsiya biyu, akwai mai manyan idanu, amma dukkansu jinsi ɗaya ne, zaɓen iyaye kawai aka yi ta yi har siffofin suka rarrabu. Haɗa jinsi biyu mabambanta kuwa ya fi kama da abin da ke faruwa tsakanin jaki da goɗiya, inda ake samun alfadari mai ƙarfi amma marar haihuwa. Haka yawancin 'ya'yan kifin zinariya da kifin koi suke, ba sa haihuwa. Amma idan jinsin biyu suna da kusanci sosai, 'ya'yansu sukan haihu su ci gaba da yaɗuwa, kuma a nan ne mai kiwo zai fi buƙatar natsuwa.

Ga mai farawa, shawarata ita ce ya tsaya kan ƙananan kifayen da ke haihuwar 'ya'ya da rai. Akwai filati, wanda masana ke kira Xiphophorus maculatus, da ɗan'uwansa mai wutsiyar takobi, Xiphophorus hellerii, dukkansu 'yan asalin Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka ne. Mai takobin da ke cikin rafukan can kore-kore ne, kuma da yawa daga cikin launukan ja da ruwan goro da ake gani a kasuwa yau daga haɗa shi da filati aka same su. Akwai kuma gofi, Poecilia reticulata, da ƙaramin ɗan'uwansa mai walƙiya da masanin halittu John Endler ya ci karo da shi a 1975 a wani tafki kusa da garin Kumana a Benezuwela, wanda aka ba shi sunan Poecilia wingei a 2005. Waɗannan ba sa buƙatar allura ko matsa, suna barbara da kansu, kuma suna jure ruwan rijiyar burtsatse mai ɗan nauyi, wato mai yawan ma'adinai.

Akwai gargaɗi guda da ya kamata mai haɗa filati da mai takobi ya riƙe tun kafin ya sayi iyaye. A ƙarshen shekarun 1920, masana biyu, Myron Gordon a Amurka da Curt Kosswig a Jamus, sun lura cewa idan aka haɗa filati mai manyan ɗigon baƙi da mai takobi, baƙin yana ƙara yaɗuwa a jikin 'ya'yan, kuma idan aka sake mayar da waɗannan 'ya'ya ga mai takobi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jikokin suna kamuwa da sankarar fata. Dalili shi ne filati yana ɗauke da ƙwayar gadon da ke kawo ɗigon tare da wata da ke taka mata birki, shi kuwa mai takobi ba shi da wannan kariya, don haka a wajen haɗin ake iya gadon ɗigon a rasa birkin. Har yau masu binciken ciwon daji suna amfani da waɗannan kifaye. Abin da mai kiwo zai ɗauka a nan shi ne ya guji iyaye masu manyan tabon baƙi a fiffiken baya ko a gefen jiki, komai kyan su a ido.

Kafin a kawo kifin, a tanadi tankuna uku aƙalla, kowanne mai ɗaukar lita 40 zuwa 60, ɗaya na iyaye, ɗaya na 'ya'ya maza, ɗaya na mata. Mai takobi ya fi son wuri mai tsawo, kuma yana tsalle, don haka a rufe tankinsa. A sa matatar soso mai aiki da iska, domin ba ta zuƙe jarirai, a bar ta tana aiki kamar makonni huɗu ana ɗan zuba abinci, har ƙwayoyin da ke narkar da dattin kifi su zauna a cikin soson. Ruwan famfo a bar shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana biyu, ko a zuba masa maganin cire sinadarin kulorin. Zafin da ake so shi ne digiri 24 zuwa 28, kuma a ƙasarmu wannan yana nufin faɗa da yanayi sau biyu a shekara. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, a nisanta tanki daga taga da ɗakin da ba shi da silin, a juya fanka tana busa saman ruwan. A daren hunturu kuwa a sa ƙaramin hita, idan babu wuta a lulluɓe tankin da bargo. Injin hura iska mai batir ba kayan ƙawa ba ne a wurin da wuta ke ɗaukewa, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, kuma tankin da ya cika da 'ya'ya yana iya ƙarewa a dare ɗaya.

Inda yawancin masu gwadawa ke yin asarar watanni shi ne wajen zaɓen mace. Macen waɗannan kifaye tana ajiye maniyyin namiji a jikinta na tsawon watanni, ta yi ta haihuwa da shi sau da dama ba tare da ta sake haɗuwa da kowa ba. Saboda haka macen da aka sayo daga tankin mai shago, inda maza da mata suke a gauraye, kusan tabbas ta riga ta ɗauki ciki, kuma 'ya'yan da za ta haifa ba na namijin da aka zaɓa mata ba ne. Hanyar da ta fi tabbas ita ce mutum ya reni matansa da kansa. A bar macen da aka sayo ta haihu, a kwashe 'ya'yan, sannan daga mako na uku a riƙa duba su kullum a wuri mai haske. Abin dubawa shi ne fiffiken da ke ƙarƙashin ciki kusa da wutsiya. A jikin mace yana nan a buɗe kamar ƙaramin mafici, a jikin namiji kuwa yana fara tsukewa yana miƙewa har ya zama siriri kamar tsinke, kuma da shi yake barbara. Duk wanda aka ga nasa ya fara tsukewa a ɗauke shi nan take, domin namiji ɗaya da ya kuɓuce ya isa ya ɓata dukkan matan tankin. A mai takobi a ƙara haƙuri, saboda wasu mazan suna jinkirin bayyana, sukan yi watanni suna kama da mata.

Idan matan sun kai wata uku zuwa huɗu, a sa namiji ɗaya na ɗayan jinsin da mata biyu ko uku, don kada ya takura wa guda da bi. Kada a bar namijin jinsinsu a tankin, domin shi za su fifita. Ciki yana ɗaukar kusan makonni huɗu. A cika kusurwar tanki da ganyen ruwa mai duhu inda jarirai za su ɓuya, saboda iyayen suna cin 'ya'yansu, kuma da zarar an haihu a mayar da uwar wani wuri. Jariran suna cin abincin kifi da aka niƙe ya zama gari, da ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai kaɗan ƙwarai, sau uku ko huɗu a rana, tare da sauya rubu'in ruwan kowane mako.

'Ya'yan farko sukan fito da kama ɗaya, wani lokaci ma ba su kai iyayen kyau ba, kuma bai kamata wannan ya karya wa mutum gwiwa ba. Sai an haɗa su da junansu ne siffofin ke warwatsewa a jikoki, a ga mai guntun takobi, a ga mai jan jiki da shuɗiyar wutsiya, a nan ne zaɓe ke farawa. A samu littafi a riƙa rubuta ranar haɗi, da siffar uba da uwa, da ranar haihuwa, da yawan waɗanda suka fito da nakasa, a kuma liƙa takarda a jikin kowane tanki. Idan an ga lanƙwasassun baya sun fara yawa ko haihuwa ta ragu, alama ce ta cewa auren dangi ya yi yawa, sai a shigo da sabon jini daga waje.

Tambayar da nake ganin ta fi kowace nauyi ita ce inda za a kai 'ya'yan. Mace ɗaya tana iya haifar 20 zuwa 50 a kowane wata, kuma wanda yake neman launi guda zai riƙe kaɗan ne daga cikinsu. Masu lafiyar da ba su yi daidai da abin da ake nema ba suna da haƙƙin ci da tsaftataccen ruwa kamar sauran, don haka a san wanda zai karɓe su tun kafin a fara, kuma a raba maza da mata don a tsayar da haihuwa idan wuri ya cika. Wanda ya fito da nakasar da ke hana shi ci ko iyo, jinƙai shi ne a sauƙaƙa masa. Ana kaɗa man kanumfari a ɗan ruwa mai ɗumi, kimanin mililita 0.4 ga kowace lita, a zuba a hankali cikin mazubin da kifin yake, zai yi barci numfashinsa ya tsaya, a bar shi a ciki na rabin awa don a tabbatar. Jefa shi a masai ko barinsa a ƙasa ya bushe azabtarwa ce.

Akwai haɗin da ban goyi bayan a nema ba. Kifin nan ja mai baki kamar na aku, wanda aka samar a Taiwan wajen 1986 daga dangin karfasa na tsakiyar Amurka, da yawansu bakinsu ba ya rufuwa, wasu kuma jakar iskar da ke cikinsu, wadda ke daidaita musu iyo, a karkace take, kuma yawancin mazan ba sa haihuwa. Nakasar ita ce abin da ake sayarwa. Wasu dillalan sukan ƙara da yi masa allurar rini, ko su yanke wutsiyarsa yana ƙarami don jikinsa ya yi siffar zuciya. Hadisi ya tabbata cewa Annabi (SAW) ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska, ya la'anci wanda ya yi masa, kuma ina ganin wannan ya isa ya hana Musulmi sayen kifin da aka yanka ko aka rina don ado. Wanda ya riga ya mallaki irinsa ya ci gaba da kula da shi, ya ba shi abinci mai laushi da zai iya haɗiya. Ma'aunin kowane haɗi shi ne ɗan da aka samu ya iya ci, ya iya iyo, ya iya numfashi kamar iyayensa.

Wajen sayarwa ko kyauta, a faɗi gaskiyar asalin kifin. Ruwa-biyu na gofi da na Endler yana iya kama da tsantsar na Endler har ido ya kasa rarrabewa, kuma idan aka sayar da shi da wannan suna, wanda ya saya zai zuba shi cikin tsantsar nasa ya lalata aikin shekaru, lalacewar da ba ta gyaruwa. Abin ya fi tsanani ga jinsunan da suke ƙarewa a muhallinsu. Bayan an saki giwan ruwa a Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, kusan jinsi 200 na ƙananan dangin karfasa sun ɓace daga tafkin, kuma wasu daga cikinsu a tankunan gilashi kawai suka rage. Irin waɗannan, da na Tafkin Malawi waɗanda ke saurin cakuɗuwa idan aka tara su wuri ɗaya, a ajiye kowane jinsi shi kaɗai. Mu ma muna da namu: ƙaramin kifin nan mai ɗigon ja na rafukan Najeriya, Fundulopanchax gardneri, masu kiwonsa a Turai suna rubuta sunan garin da aka kamo shi, ko Makurɗi ko Akure, kuma ba sa haɗa na wannan gari da na wancan.

Kada a saki kifin ado a buɗaɗɗen ruwa ko da guda ɗaya ne. Fulawahon, wato ƙaton kifin nan mai ƙullutu a goshi da aka samar a Malesiya a shekarun 1990, masu shi sun yi ta zubar da shi bayan sun gaji, ya zauna a ruwayen ƙasar, ya kuma mamaye Tafkin Sampalok a Filifin. Gofi ma ya riga ya zauna a magudanan ruwan Legas. Madatsun Ajiwa da Zobe da Jibiya da Sabke suna ciyar da masunta, kuma kwatar ƙofar gida da damina tana iya kai ruwa har kududdufi ko rafi. Saboda haka idan za a sauya ruwan tanki, a tace shi ta raga mai ƙananan idanu, a duba ragar da kyau saboda jariri bai fi ƙwayar shinkafa ba, sannan a zuba ruwan a gindin shuka a cikin gida.