Yadda ake riƙe ƙungiyar taimakon gajiyayyu a Kano ba tare da ta watse ba

Kafa ƙungiyar taimako a Kano ba shi da wuya. Matasan layi ɗaya a Gwammaja ko Kurna ko Ɗorayi sai su zauna bayan isha'i, a buɗe zauren WhatsApp, kowa ya yi alkawarin abin da zai riƙa bayarwa duk wata, a raɗa mata suna. Azumin farko a yi rabo, kowa ya ji daɗi. Wuyar tana shekara ta biyu da ta uku, lokacin da karo-karo ya fara tsinkewa, masu neman taimako suka ninka, aka soma tambayar ina kuɗin bara suka shiga. Masu kyauta ba su ƙare a garin nan ba. Abin da ke kashe ƙungiyoyin shi ne cakuɗa abubuwan da ya kamata a raba: zakka da sadaka, aljihun shugaba da asusun ƙungiya, haƙƙin dangi da haƙƙin mutanen unguwa.

Ku fara da aiki ɗaya mai iyaka. Ko ciyar da gidajen marayu a mazaɓa guda, ko kuɗin makarantar yara 30, ko maganin marasa hali. Ku duba abin da ya shigo hannu a watanni ukun da suka fi rauni, ku ɗora aikin a kansa, ku manta da jimillar alkawura. Gidan da aka ce za a riƙa kai wa abinci duk wata, in abin ya tsaya a wata na huɗu an cutar da su, domin sun riga sun dogara da shi.

Rajista da asusu

Da zarar kuɗi ya fara shigowa daga wajen 'yan ƙungiya, ku yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, a sashen amintattu na dokar kamfanoni ta 2020. Doka ta yarda da amintattu biyu, amma ku sa biyar ko bakwai, kuma kada su fito daga gida ɗaya. Za a nemi sunan da hukumar ta amince da shi, kundin tsarin ƙungiya, rubutaccen bayanin taron da aka zaɓi amintattun, da shaidar kowannensu. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan takarda ta fito sai lambar haraji, sai rajistar SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, domin banki yakan nemi takardarsa kafin ya buɗe asusu da sunan ƙungiya. Ana yawan mantawa da rahoton shekara-shekara da ake miƙa wa CAC, sai tara ta taru. Haka kuma dokar ba ta yarda ɗan majalisar gudanarwa ya ci albashin ƙungiya ba, sai dai a mayar masa da abin da ya kashe daga aljihunsa a kan aiki.

A banki ku sa masu sa hannu uku, kuɗi ba ya fita sai da biyu. Ma'aji kada ya zama ƙanin shugaba ko surukinsa. Daga ranar da aka buɗe asusun, ko sisi kada a ƙara karɓa ta asusun wani mutum, komai amanarsa. In ya rasu kuɗin ya shiga cikin dukiyar gado, fitar da shi kuma sai an je gaban alƙali.

Littafin kuɗi

Ku sayi babban littafi mai kaurin bango, ku ja layi shida a kowane shafi: kwanan wata, mai bayarwa, nawa ne, na mene ne, lambar rasit, sa hannun wanda ya karɓa. Layi na huɗun nan ne aka fi sakaci da shi, kuma shi ne mafi muhimmanci. Duk wanda ya turo kuɗi a tambaye shi a take: zakka ce, ko sadaka, ko an keɓe shi ga wani aiki?

Zakka tana da hukuncinta. Nisabin kuɗi misƙali 20 ne na zinare, kimanin giram 85, ana fitar da kashi 2.5 cikin 100 bayan shekara ta zagayo. Ƙimarsa a naira tana tafiya da farashin zinare, don haka ku riƙa tuntuɓar Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, wadda aka kafa a 2003, ko malaman da ke fitar da lissafin. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙididdige rukunin mutane takwas da ake bai wa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ba a haƙa rijiyar burtsatse da zakka, ba a gina masallaci, balle biyan hayar ofis. Maraya ma ba maraicinsa ne ke ba shi zakka ba, talaucinsa ne. Yaron da mahaifinsa ya bar masa gidajen haya yana buƙatar kulawa da mai tsare masa dukiya, amma ba ya cikin masu karɓa. Kuma kada ƙungiya ta yanki wani abu daga zakka da sunan rabon ma'aikatanta ba tare da fatawa ba, domin malamai da yawa sun keɓe wannan rabo ga wanda hukuma ta naɗa.

To da me za a biya mota da leda da 'yan dako? Ku faɗa wa masu bayarwa tun farko cewa daga sadakar da ba a keɓe ba za a cire wani kaso sananne, a ce 10 cikin 100, na gudanarwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin ɗauko kaya ya zama abin lissafi. Ƙungiyar da ke alfahari cewa ba ta taɓa ko kwabo, yawanci mutum ɗaya ne ke biya a ɓoye, ranar da ya gaji kuma aiki ya tsaya. Haka nan kada fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗinku ya rataya ga mutum guda ko hukuma guda. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, manyan ƙungiyoyi ma sun girgiza.

Ƙarshen kowane wata a ɗauki hoton shafin da bayanin banki a tura wa duk 'yan ƙungiya, kafin wani ya tambaya.

Gano mabukata

Waɗanda suka fi bukata sau da yawa ba su ne ke zuwa ƙofa ba. Alƙur'ani ya siffanta su a Baƙara, aya ta 273: wanda bai sani ba zai ɗauka mawadata ne saboda kamun kai. Mai unguwa da liman za su ba ku sunaye, amma su kaɗai ba su isa ba, tunda gidajenmu ba a shiga. Dole a sami mace a kwamitin tantancewa, malamar Islamiyya ko ungozomar unguwa, wadda za ta shiga har tsakar gida ta ga ko an ɗora tukunya. A je mutum biyu. A tambayi mutum nawa ke cin tukunyar, wa ke ciyarwa, gidan haya ne ko na gado, yara nawa ke makaranta. A sake duba jerin duk wata shida, domin wata ta yi aure, wani ɗansa ya sami aiki, wani gidan kuma sabuwar rasuwa aka yi. Sunayen nan sirri ne, ba a tura su zauren WhatsApp.

Saye da ajiya

Gero, masara, dawa da wake a saye su a Dawanau lokacin kaka, shinkafa da mai da sukari a Singa. Mutum uku su je, su ji farashi a wuri uku, su dawo da rasit. Babban buhu kwano 40 ne. In kowane gida zai sami kwano 5, buhu ɗaya na gida takwas ne a takarda, amma ku yi lissafi da kwano 38, saboda tsakuwa da dusa da abin da ke zuba wajen awo. Wanda bai bar wannan rata ba, gidajen ƙarshen layi ne za su koma hannu rabbana.

Wake ya fi komai saurin lalacewa. A tabbatar ya bushe sosai, a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro ba ya rayuwa inda ba iska. Kada a zuba wa abincin mutane fiya-fiya. A jera buhunan a kan katako, nesa da bango, mabuɗin sito kuma ya kasance a hannun wanda ba shi ke riƙe da littafi ba.

Ranar rabo

A watan Disambar 2024 fiye da mutum 60 suka rasu a turmutsitsin rabon abinci da kyaututtuka a Ibadan da Okija da Abuja, da yawansu yara da mata. Sanarwar rabo a rediyo ko Facebook ko lasifikar masallaci kiran taron da ba za ku iya riƙewa ba ne. A raba kati mai lamba tun kwana biyu kafin ranar, a kira mutum 20 zuwa 30 a kowane lokaci, ƙofar shiga daban ta fita daban, tsofaffi da masu goyo a gaba. Wanda ya fi wannan kyau shi ne a loda kayan a adaidaita sahu a kai gida-gida bayan magariba, a yi sallama, a miƙa wa yaro, a juya.

Masu bayarwa suna son shaida, kuma haƙƙinsu ne. A ɗauki hoton buhuna da rasit da shafin littafi. Fuskar uwar marayu riƙe da leda ba ta cikin shaida. 'Ya'yanta suna makaranta ɗaya da 'ya'yan masu kallon hoton, kuma aya ta 264 a Baƙara ta yi kashedi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa.

In aikin na marasa lafiya ne, a biya asusun asibitin kai tsaye a karɓi rasit da sunan majinyaci, ko a Asibitin Murtala ne ko na Malam Aminu Kano ko na ƙashi da ke Dala. Abin da ya yi saura daga gidauniyar mutum ɗaya ba a juya shi wani wuri sai da iznin waɗanda suka bayar.

Dangi

Nan ne masu ƙungiya suka fi shan wuya, kuma an fi yin shiru a kai. Da zarar an san kana riƙe da kuɗin taimako, gwaggo za ta aiko, kawu zai zo da kansa, kuma yawanci bukatarsu gaskiya ce. Addini ma ya gabatar da su. Hadisi ya nuna sadaka ga ɗan'uwa lada biyu ce, sadaka da sada zumunci, kuma da Abu Ɗalha ya ba da gonarsa ta Bairuha, Annabi (SAW) umartarsa ya yi ya sanya ta cikin danginsa. Amma wannan a dukiyarka ne. Kuɗin ƙungiya amanar wasu ce.

Saboda haka mai ƙungiya ya ware wani abu daga samunsa na kansa domin dangi, tun kafin ya ba ƙungiya nasa karon. In ɗan'uwa ya cancanci shiga jerin, a rubuta shi kamar kowa, kwamiti ya je gidansa, shi kuma ɗan ƙungiyar da ke da dangantaka da shi ya fita daga ɗakin lokacin yanke shawara. A sa wannan a kundin tsari tun ana zaman lafiya, domin ya zama garkuwa. Sannan amsar ta zama mai taushi: "Kawu, wallahi wancan kuɗin ba ni da iko da shi, sai mutum biyu sun sa hannu. Zan kai sunan gidan ga kwamiti, ga wannan kuma daga wajena, a yi haƙuri da shi." Kawu zai iya jin babu daɗi a ranar, amma ba zai ce an wulaƙanta shi ba.

A tuna kuma ba a ba iyaye ko 'ya'ya ko mata zakka a inda ciyar da su ya wajaba a kan mai fitarwa. Kuma mutumin da ake yabo a unguwa alhali cefanen gidansa na gagara, ko kuɗin makarantar 'ya'yansa na makara, ya tsallake farilla ya kama nafila. Iyali su san abin da ake bayarwa. Yaran da suka girma a tafi da su wajen awo da ɗaurin kaya, su saba da aikin tun mahaifinsu na raye.

Masu hannu da shuni da ke son aikin ya ɗore bayansu, waƙafi ne hanya, wanda muke kira hubusi: shago, ko gidan haya, ko gona, a tsare asalin a riƙa ciyar da amfanin, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibar. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Abin da ke rusa waƙafi a wurinmu shi ne Alhaji ya furta da baki cewa shagon nan na marayu ne, amma ya ci gaba da karɓar hayar har ya kwanta ciwon ajali. A Malikiyya, in ba a karɓi abin daga hannun mai bayarwa ba kafin rasuwarsa, ko ciwon ajalinsa, ko karyewar arzikinsa, waƙafin ya ɓaci, kuma in rasuwa ce shagon ya koma gado. Don haka a rubuta tun yana da lafiya, da shaidu biyu adalai, a ambaci iyakokin wurin da wanda zai kula da shi da waɗanda za su amfana. A tara magada a karanta musu. A miƙa mabuɗi da takardun fili ga amintattu, a sanar da ɗan haya cewa daga watan gobe asusun ƙungiya zai riƙa biya, a ajiye kwafin takardar ɗaya a wurin iyali, ɗaya a wurin ƙungiya, ɗaya a Hukumar Zakka da Hubusi.