Darasi Na Bakwai: Tukunyar Gas A Gidan Da Ke Nesa Da Gari

Wanda ke zaune kusa da wurin sayar da gas, idan tukunyarsa ta ƙare ana tsakiyar girki, yanzu-yanzu zai je ya dawo. Wanda ke nesa kuwa, tafiya ce sukutum, ga kuɗin mota, ga jiran ranar da motar za ta samu. Idan aka ba shi tukunya mai yoyo, ko wadda ba ta cika ba, sau da yawa ba zai gane ba sai ya iso gida, kuma kuɗin komawa ya fi abin da aka rage masa. Saboda haka duk binciken da za ku yi, ku yi shi tun kuna tsaye gaban mai sayarwa. Wannan darasi zai nuna muku abin da za ku duba, da lissafin da za ku yi da kanku.

Abin da ke cikin tukunya

Ku ɗan girgiza tukunya mai gas a hankali, za ku ji abu yana motsi a ciki. Ruwa ne. Sunansa furofen, kuma a wurare da yawa ana gauraya shi da ɗan'uwansa biyuten. Asalinsa iska ce, matsi ya mai da ita ruwa. Furofen yana tafasa tun a digiri 42 ƙasa da sifili, don haka da zarar an buɗe kan tukunya sai ya koma iska ya bi tiyo zuwa murhu. Biyuten kuwa yana daina tashi idan sanyi ya kai wajen sifili, shi ya sa mazauna wurare masu tsananin sanyi suka fi son furofen zalla.

Lita 1 ta wannan ruwa tana zama iska kimanin lita 270. Ku riƙe wannan adadi, domin shi ke bayyana yadda ɗan yoyo kaɗan yake cika ɗaki. Iskar kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, wajen ninki ɗaya da rabi. Ba ta tashi sama ta fice kamar yadda mutane da yawa suke zato. Ƙasa take kwanciya, ta bi daɓe, ta taru a rami ko lungu. Ita kanta ba ta da wari. Kamfanoni ne ke zuba mata wani sinadari mai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, don hanci ya faɗa muku kafin wuta ta faɗa muku.

Ba a cika tukunya fal. Ana tsayawa ne a wajen kashi 80 cikin 100, a bar sauran fili a sama. Dalili shi ne ruwan yana kumbura idan ya ji zafi, yana neman wurin shiga. Mai ɗura gas da ya ce zai ƙara muku har wuya don kuna da nisa, ba alheri ya yi muku ba, ko da ya yi da zuciya ɗaya.

Sayen tukunya

Kafin ku kalli fenti, ku kalli wuyan ƙarfen da ya kewaye kan tukunya, wanda ake kamawa a ɗauke ta. A nan, ko a kafaɗarta, ko a gindinta, akwai rubutu da aka buga a jikin ƙarfe. Karatun da kuke koyo a wannan aji zai yi muku aiki a nan. Za ku ga wata da shekarar da aka ƙera ta. Za ku ga nauyinta idan babu komai a ciki, galibi kusa da haruffan TW ko kalmar Tare. Wata tukunyar tana ɗauke da ranar da aka sake gwada ƙarfinta. Kowace ƙasa da dokarta game da wannan gwaji, wasu bayan shekara 5, wasu 10, wasu 12. Ku tambayi dila mai lasisi dokar inda kuke. Tukunyar da wa'adinta ya wuce, wurin ɗura gas na kirki ba zai karɓe ta ba, kun ga kun yi doguwar tafiya a banza.

Idan ta hannu za ku saya, ku kwantar da ita tun ba komai a ciki ku duba gindinta, don a nan tsatsa take fara ci, inda danshi yake zama. Tsatsar da ta yi ramuka, lotsewa mai zurfi, kumburi, tabon wuta, ko alamar an taɓa yi mata walda a wani wuri da ba ɗinkin masana'anta ba, duk wanda kuka gani a cikin waɗannan ku bar ta, komai arharta. Sabon fenti mai kauri a kan tsohuwar tukunya ma abin tambaya ne.

Wani abu da yake ba mutanen nesa wahala shi ne bakin tukunya ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake murɗa masa regileta, wato na'urar da ke rage ƙarfin gas kafin ya shiga tiyo, akwai wanda ake danna masa ita ta kama. A cikin na murɗawa ma, wasu haƙoransu na hagu ne, wato ana ɗaure su ta juyin da ake kwance sauran abubuwa. Idan za ku sayi tukunya, ku tafi da regiletarku a aljihu, ku gwada a can.

Shawarata ga duk gidan da ke nesa ita ce tukunya biyu. Na san kuɗin ta biyun yana da nauyi a karon farko. Amma mai tukunya ɗaya yana tafiya ne dole, ranar da gas ya ƙare, ko hanya ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuma duk abin da aka miƙo masa zai karɓa. Mai biyu yana zaɓar ranarsa, yana haɗa tafiyar da wata buƙata, yana kuma iya cewa a'a. Matsakaita biyu sun fi babba guda sauƙin ɗauka.

Musaya ko ɗurawa

Hanya biyu ce. A musaya, kuna ba da tukunyarku marar komai, a ba ku wata cikakkiya a rufe da hatimi. A ɗurawa, tukunyarku ce ake zuba wa gas kuna kallo, ku koma da ita.

Musaya tana da sauri, kuma a ƙananan wurare sau da yawa ita kaɗai ake samu. Idan kamfanin na gaskiya ne, shi ke ɗaukar nauyin gwaji da gyara da sauya bawul, wato kan tukunya da gas ke fita ta cikinsa, wannan kuwa babban sauƙi ne ga wanda ba shi da wurin gwaji kusa. Sai dai kuna iya ba da sabuwar tukunya a ba ku tsohuwa. Wasu kamfanonin ba sa karɓar tukunyar da ba tasu ba. Wasu kuma suna zuba ƙasa da abin da tukunyar za ta iya ɗauka, su rubuta ainihin nauyin a jikin takarda da ƙananan baƙaƙe. Ragowar gas ɗin da ke cikin taku kuwa, kyauta kuka bar musu. Don haka kada ku kai tukunya musaya sai ta ƙare ƙaf. Idan an karɓi kuɗin jingina a kan tukunya, ku adana rasidin a wurin da ruwa ba ya taɓawa.

A ɗurawa kuna biyan abin da aka zuba kawai, kuma kuna iya ƙarasa tukunyar da ta rage rabi kafin damina ko dusar ƙanƙara ta datse hanya. Amma kula da lafiyar tukunya ya koma wuyanku.

Ko wace hanya kuka bi, sikeli ne alƙali. Lissafin ba shi da wuya: nauyin tukunya marar komai, a tara da nauyin gas ɗin da kuka biya, shi ne abin da sikeli zai nuna. A ce an buga 13 a wuyan tukunya, kuka biya kuɗin kilo 12.5. Sikeli ya kamata ya tsaya a 25.5. Idan ya tsaya a 24, an rage muku kilo 1.5. Inda ake sayarwa da lita, ku sani lita 1 ta furofen kusan rabin kilo ce. Ku duba kuma ko lambar da ke wuyan tukunya da kilo aka rubuta ta ko da fam, domin kilo 1 ya ɗan haura fam 2.

Mutane da yawa suna jin nauyin neman a auna, kada a ce sun zargi mai kaya. Ba sai an yi faɗa ba. Kuna iya cewa:

"Sannu da aiki, Malam. Don Allah a ɗora min ita a sikeli kafin a zuba, in ga lambar."

"Ba ka yarda da mu ba ne, Baba?"

"Ba haka ba ne, ɗana. Gidana da nisa, in an sami kuskure ba zan iya dawowa ba. Gara mu gani tare."

Mai sana'ar kirki ba ya jin haushin wannan. Ku tabbata sikelin yana kan sifili kafin a ɗora. Da za ku sami ƙaramin sikelin rataye na kanku, zai biya kuɗinsa. Kafin ku tafi, ku nemi a shafa ruwan sabulu a bakin bawul a gabanku.

Akwai abu guda da nake roƙonku da babbar murya. Kada ku juye gas daga wata tukunya zuwa wata a gida, kada kuma ku saya wurin wanda yake yin haka da tiyo a bayan ɗaki. Na san abin da ke jawo shi: hanya ta yi nisa, maƙwabci yana da babbar tukunya, ana ganin taimako ne. Amma babu sikeli, babu abin da zai tsayar da ɗurin a kashi 80, iskar da ke tsira kuma tana kwance a ƙafafunku kuna tsaye. Ruwan gas idan ya taɓa fata yana ƙona ta da tsananin sanyi. Tukunyar da aka cika fiye da kima tana iya yin shiru da safe, rana ta yi zafi ta fara fesowa.

A kan hanya

Tukunya a tsaye take tafiya, cikakkiya ko marar komai. Bawul ɗin kariya da ke kanta an yi shi ne ya saki iska idan matsi ya yi yawa. Idan tana kwance, ruwa zai saki, kun kuwa ji abin da lita 1 take zama. Ku rufe kan da kyau, ku sa marfinsa, ku ɗaure ta da igiya yadda gargada ba za ta kayar da ita ba. Bayan buɗaɗɗiyar mota ya fi. In dole ne cikin mota, a sauke gilasai, ba shan taba, kuma kada a bar ta a rufaffiyar mota cikin rana ana sayayya.

Idan an iso gida

Ku ajiye ta a tsaye a daɓe mai tauri, inda iska ke wucewa, nesa da wuta da rami. Ta ajiya ta zauna a waje cikin inuwa, ba ɗakin kwana ba. Kafin ku ɗaura regileta, ku kashe duk wata wuta, ku duba zoben robar da ke bakin bawul. Wannan ɗan zobe shi ne sanadin yoyo da yawa, kuma rashinsa zai iya hana ku girki da cikakkiyar tukunya a gabanku. Ku ajiye na sauyi biyu ko uku a gida. Tiyo ya zama na gas, ba na ruwa ba. Ku lanƙwasa shi ku duba, in kun ga ƙananan tsagogi ya tsufa.

Ku kaɗa sabulu a ruwa, ku shafa a bakin bawul da duk mahaɗar tiyo, sannan ku buɗe kan tukunya, murhu yana kashe. Ku tsuguna ku zuba ido. Idan kumfa ta fara tasowa tana girma tana fashewa, akwai yoyo a daidai nan. Ba a neman yoyo da ashana, ko sau ɗaya.

Wutar kirki shuɗiya ce. Idan ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunyar girki, gas ba ya ƙonewa sosai, kuma yana iya fitar da iskar guba marar wari mai sa ciwon kai da jiri, har ta yi kisa a rufaffen ɗaki. Ku share ramukan murhu, ku bar taga a buɗe.

Idan kuka ji warin gas, ku rufe kan tukunya, ku buɗe ƙofofi, ku fitar da kowa. Kada ku taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. In tukunyar ce ke yoyo kuma babu wuta, ku fitar da ita fili, nesa da gidaje. In wuta ta riga ta kama har tana lasar jikin tukunya, kada ku tsaya jarumtaka. Inda kuke, motar kashe gobara za ta daɗe ba ta iso ba. Ku kwashe mutane ku yi nisa sosai, ku kira taimako daga can.

Sanin ranar da zai ƙare

Ku rubuta ranar da kuka fara amfani da tukunya, ku rubuta ranar da ta ƙare. Bayan tukunya biyu ko uku za ku san kwana nawa take yi muku. In babu sikeli, ku zuba ruwan ɗumi a gefenta daga sama, ku shafa da tafin hannu zuwa ƙasa. Inda ƙarfen ya fara sanyi, nan ruwan gas ya tsaya.

Aikin yi

1. An buga 8 a wuyan tukunya, kun biya kuɗin kilo 6. Nawa sikeli zai nuna?

2. Tukunya mai kilo 12.5 tana yi wa wani gida kwana 50. Kilo nawa suke ƙonawa a kwana 10? Idan mota tana zuwa sau ɗaya a mako biyu, a wane kwana ya kamata su shirya tafiya?

3. Ku je gida ku kwafo duk rubutun da ke wuyan tukunyarku, ko ta maƙwabci, a cikin littafinku. Ku zo da shi aji na gaba mu karanta tare.