Yadda ake auna tsaron ɗan wasan ƙwallon kwando ta hanyar ƙirga ƙwace

Mai horar da matasa ƙwallon kwando a Damagaram, a filin lakwal ne ko a filin unguwa, ba ya buƙatar kwamfuta kafin ya san wanda ke tsare masa gida. Kaye da bik sun wadatar, in dai an zaunar da mutum guda a bakin fili wanda ba shi da wani aiki sai rubutu.

Da farko a daidaita kan abin da ake kira ƙwace. Ana rubuta shi ne idan mai tsaro ya tare ƙwallon da aka jefa, ko ya doke ta daga hannun abokin karawa, har ta koma hannun ƙungiyarsa. Wanda ya fara taɓa ta shi ke da ladan, ko da abokinsa ne ya cafe. Idan ta fita waje, ba a rubuta wa kowa.

Daga nan a raba adadin da mintocin da ɗan wasa ya yi a fili, a ninka da 40, tsawon wasa a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya. Wanda ya ƙwace 3 cikin minti 30 ya samu 4 ke nan, wanda kuwa ya ƙwace 2 cikin minti 10 ya samu 8. Kada a yanke hukunci da wasa ɗaya, a tara na wasanni da dama.

A ganina, layin da ya fi amfani a kayen shi ne na yunƙurin da bai yi nasara ba. Akwai yaron da zai zabura ya bar mutuminsa don ya tare ƙwallo, ta wuce ta bayan kunnensa, abokansa huɗu su rage da mutum biyar, kwando kuma ya shiga. Irin wannan a yi masa alama kusa da sunansa, a haɗa da laifukan da alƙalin wasa ya hura masa garin kai hannu. Ƙwace 3 da zabura 6 ta banza hasara ce ga ƙungiya.

Gasar NBA ta Amurka ta fara ƙirga ƙwace a kakar 1973-74, kuma John Stockton ne ke kan gaba da 3,265. Amma Rudy Gobert na Faransa ya zama gwarzon mai tsaro har sau huɗu alhali matsakaicin ƙwacensa bai kai ɗaya a wasa ba, domin aikinsa a gindin kwando yake. Saboda haka dogayen da ke gindin kwando a buɗe musu nasu layin na toshe jifa da cafe ƙwallon da ta dawo daga allo, a kwatanta su da junansu kawai.