Daga Tromso zuwa Longyearbyen: yadda ake lissafin tafiyar

'Yan uwa, mai shirin zuwa Longyearbyen, babban garin tsibiran Svalbard, daga Tromso da ke arewacin Norwe ya daina auna nisan a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira. Irin wannan taswirar tana kumbura yankunan arewa mai nisa, sai tafiya ta yi kamar ta ninka. Ainihin tazarar ta sama kusan kilomita 950 ce.

Jirgin fasinja yana cin kamar kilomita 800 zuwa 850 a awa idan ya daidaita a sama. Raba 950 da wannan, ka samu awa ɗaya da minti goma. Sai ka ƙara wajen minti 30 na gangarawa kan titin tashi, da hawa, da sauka. Shi ya sa tikiti ke nuna kimanin awa ɗaya da minti 40. Iskar gaba tana ƙara lokaci, ta baya tana ragewa.

Inda mutane suka fi shiga matsala shi ne yanayi. Ban da na Longyearbyen, babu wani babban filin jirgi a kusa, don haka idan hazo ya rufe ko guguwar ƙanƙara ta taso, ana iya soke tashi, ko jirgi ya juyo da ku Norwe. Don Allah a bar kwana guda tsakanin dawowa da jirgi na gaba.

Sannan Svalbard ba ta cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Norwe ke ciki. Riƙe fasfo, kuma mai buƙatar biza ya nemi ta shiga sau biyu, domin dawowa Tromso sabuwar shiga ce.