Yadda ake sauke injin tsohuwar ƙaramar tarakta ta lambu

Ƙananan taraktocin nan da ake shigowa da su na hannu, waɗanda wasu masu lambu suke jan ƴar tirela da su, galibi injin fetur mai fistin ɗaya gare su, irin na Briggs & Stratton ko Kohler. Kusoshi huɗu ne kawai suke riƙe injin da jikin taraktar. Inda aikin yake cijewa shi ne puli ɗin da ke ƙarƙashi, wato faifan da bel yake hawa kai, kuma a nan ne mai gaggawa yake yin ɓarna.

A ajiye taraktar a wuri mai daidai, a sa duwatsu a tayoyi, a bar injin ya huce. A cire wayar batir ta baƙi kafin ja. Idan aka fara da ja, sifana ta taɓa ƙarfe, wuta za ta tashi kusa da fetur. A matse tiyon mai da filaya, a zare shi, a tsiyaye fetur a jarka. Baƙin mai kuma a tsiyaye shi tun yanzu, kusan lita ɗaya da rabi ne, domin in aka karkata injin da mai a ciki, sai ya gangara kabareta ya jiƙe abin tace iska.

Kafin a taɓa wayoyi a ɗauki hotonsu da waya. Ba su da yawa: mai kauri ta sitata, siririya mai kashe inji, ta cajin batir, wani lokaci da wadda ke shiga ƙasan kabareta. A sassauta wayar totur da ta cok, a kwance salansa. Kusoshin salansa sun sha zafi da tsatsa, don haka a zuba masu gazuwal (man dizal) ko man fesawa na WD-40 tun da dare kafin ranar aikin. In ɗaya ta karye a cikin kan inji, sai an je wurin mai huda ƙarfe.

To, puli. A sauke bel, a lura da hanyar da ya bi. Kusa ɗaya ce a tsakiya take riƙe puli da sandar inji, kuma dole a kwance ta tun injin yana ɗaure a mazauninsa, domin in ya sauka ƙasa babu abin da zai riƙe shi. Da an murɗa, sandar za ta riƙa juyawa tare da sifana. Maganinta: a cire buji (fulogi), a juya injin da hannu har fistin ya fara hawowa a matsin iska, wato lokacin da ake jin iska tana turowa ta ramin buji, a cusa igiyar nailan mai tsabta ta ramin buji a bar bakinta a waje. Fistin zai danne igiyar ya tsaya. Kada a tokare fankar sama da sukudireba, haƙoranta karyewa suke yi.

Ko kusar ta fita, sau da yawa puli ba ya motsi, ƙura da tsatsa sun haɗe shi da sanda. A jiƙa shi da gazuwal, a mayar da kusar rabi, a sa abin zare puli mai ƙafa biyu ko uku. Bugun bakin sanda da guduma yana faɗaɗa shi, daga nan puli ba zai fita ba sai an yanka. Akwai ɗan guntun ƙarfe da ke shiga tsagar sanda, a ajiye shi tare da wosha a gwangwani ɗaya.

Da yawa daga injinan Amurka awon inci ne da kusoshinsu. Sifana 13 takan kama mai rabin inci, amma da ɗan sako-sako, kuma tana cinye kan kusa in an matsa. Gara a nemi ta inci mai zobe. Ramukan kusoshin huɗun nan a alminiyom suke, a kwance su a hankali.

Injin yakan kai kilo 30 zuwa 40. Mutum biyu su ɗaga shi tsaye cak har sandar ta fita daga ramin, kada a ja shi ta kabareta ko murfin roba. A ɗora shi kan katako biyu, sandar tana rataye a tsakani, a toshe bakin kabareta da na salansa da tsumma, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina.